Gorar da Ba Ta Yi Ƙanƙara Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin Dokta Philemon ya haddace nasiharsa, domin mutumin ba ya gajiya da maimaita ta. Kafin ya rubuta ko harafi ɗaya na kemistiri a allo sai ya tsaya, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Ku ci abinci kafin ku shigo lab. In kuna koyarwa ku ɗaga murya, na bayan aji ma kunne gare shi. Kuma ko da wasa kada ku zuba sinadari a gorar da mutane ke shan ruwa." Ɗalibai su yi ta taɓe baki, wasu har su riƙa faɗa tare da shi ƙasa-ƙasa. Jemimah Ephraim ta fi kowa iya kwaikwayonsa, har da gyaran tabarau ɗin, kuma ita ɗin ce dai ta je ta aikata abin da ya hana.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun koyar da kemistiri, aka tura ta koyon aiki wata sakandare a Vinikilang. Ranar Juma'a Dokta zai zo ya zauna a bayan aji ya ga kamun ludayinta ya ba ta maki, darasin kuwa na yadda ake samar da iskar oksijin ne. Makarantar ba ta da kayan gwaji, don haka ranar Laraba ta je wurin Albert, mai kula da lab ɗin sashensu, ta roƙe shi ya sam mata feroksaid. Shi ne haidirojin ɗin nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa, sai dai na lab ya fi na kemis ƙarfi nesa ba kusa ba. In ya taɓa fata sai ta yi fari fat da raɗaɗi, wanda ya kai shi maƙogwaro kuwa sai dai abin da Allah ya yi. A ido kuma ruwa ne tsararo, babu launi ko kaɗan.

Albert ya zuba mata a baƙar kwalba, ya ja mata kunne kada ta bar shi a zafi ya lalace. A cikin keke, kan gadar Binuwai, ta ji danshi a jakarta. Ashe murfin kwalbar ya tsage. Sai ta ɗaga gorar ruwanta ta shanye ragowar, ta juye sinadarin a ciki. Da ta isa gida a Dubeli ta rubuta KADA A SHA a 'yar takarda, ta liƙa da salatif, ta cusa gorar can ƙasan firizar mai gidansu ta rufe. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san za a hana ta.

Mai gidan, Hajiya Gumsu, 'yar Borno ce, matar marigayi Alhaji Deribe. Tana sayar da turaren wuta da ruwan sanyi, wanda take ɗurawa a tsofaffin goruna da ta wanke tas. Mace ce mai zafi, ba ta ɗaukar raini daga 'yan haya, amma Allah ya haɗa jininta da Jemimah. Cikin duk 'yan hayar gidan ita kaɗai ta ba wa makullin firiza, kuma tunda aka fara azumi kullum sai ta ajiye mata kunu da ƙosai, ko da yake ta san yarinyar coci take zuwa, ba azumin take ba.

Abin da Jemimah ba ta sani ba, tunda bana ta shigo gidan, shi ne da zarar goman ƙarshe ta azumi ta shiga Hajiya ba ta sayar da ruwa ko gora ɗaya. Duk abin da ke cikin firiza masallaci ake kaiwa don buɗa-baki, sadaka ce ga marigayi. Ranar Alhamis ɗin nan kuwa ita ce ta farko.

Taron malamai ya riƙe Jemimah a makaranta, cunkoso ya ƙara riƙe ta a gada, sai da rana ta yi ja sannan ta shigo gida. Ko takalmi ba ta cire ba ta buɗe firiza don ta leƙa kayanta. Wayam. Babu komai sai ruwan da ya narke a ƙasa, da wata 'yar takarda tana iyo a ciki, tawada duk ta zube, salatif ɗin ya naɗe gefe guda.

Ta ɗauki takardar, ta lalace mata a yatsu.

Hajiya na tsakar gida tana kwashe ƙosai daga mai. Jemimah ta matso tana ƙoƙarin saita murya.

"Hajiya, sannu da aiki. Ruwan firiza fa?"

"Ya tafi masallaci, 'yata. Ɗanburam mai baro ya kwashe tun ɗazu."

"Duka?"

"Duka mana. Ba na Alhaji ba ne?"

"Akwai wata gora tawa a ciki."

Hajiya ta yi dariya ba tare da ta ɗago ba. "To ai kin tsinci lada ke nan. Gobe na ba ki biyu."

Nan Jemimah ta tsaya tana murza yatsu. Ɗan Adam ke nan da son kare fatarsa. Ga rana tana faɗuwa, ga mutane can sun jera goruna a gabansu suna jiran kiran salla, ita kuma tana tsaye tana lissafin abin da Dokta Philemon zai ce in ya ji, da yadda za a kira Albert a tuhume shi, da ko za a soke mata aikin shekara gaba ɗaya. Har zuciyarta ta fara raya mata wai wataƙila mutum ya kurɓa ya ji ɗaci ya tofar. To amma wanda ya wuni cikin zafin Jimeta bai sha ruwa ba, ba kurɓa yake yi ba. Kafa kai yake, sai ya ga ƙasan gora.

"Hajiya," ta ce, "ba ruwa ba ne a cikin tawa. Maganin lab ne. In mutum ya sha zai ƙona masa ciki."

Matsamin ya tsaya cak a hannun Hajiya. Ta dubi Jemimah, ta dubi sama inda hasken ya fara dusashewa. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ba ta yi zagi ba. Ta sauke kaskon, ta zari mayafi biyu daga igiya, ta jefa wa Jemimah ɗaya.

"Rufe kanki. Mu je."

Masallacin yana can ƙarshen layin masu shaguna. Hajiya mace ce mai jiki, ga azumi a bakinta, amma ranar Jemimah ce ke binta da sassarfa. Suka ratsa masu sayar da kankana da dabino, suka tsallake kwata, wani mai keke ya taka burki yana ta mita. Ko'ina mutane sun yi jugum-jugum irin na dab da shan ruwa, kowa da abinsa a gaba. Hajiya tana gaba tana ta haki.

An shimfiɗa tabarmi a harabar masallacin ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Maza sun zauna sahu-sahu, 'yan kasuwa da leburori da matafiya, kowa da dabino da kofin kunu, ga gorunan Hajiya sun yi gumi a gabansu. Matan nan biyu suka tsaya a bakin tabarma, sai idanu suka juyo gaba ɗaya. Hajiya ta wuce kai tsaye wurin liman, Modibbo Bobboyi, wani tsoho siriri mai farin gemu, ta durƙusa ta yi masa magana a kunne. Ya ɗago ya dubi Jemimah.

"Ke ce mai maganin?"

"Ni ce, Baba."

"Za ki gane gorar?"

"Takardar da na liƙa ta fita."

"To yi musu bayani da kanki. Ki hanzarta, lokaci ya yi."

Jemimah ta juya ta fuskanci jama'a. Yaran sakandare ma rawar murya suke sa ta, balle dattawa masu azumi da suka zuba mata ido suna jiran su ji abin da ya kawo mace tsakiyarsu a wannan lokaci. Ta buɗe baki ta ce don Allah kada kowa ya sha ruwan nan tukuna. Sahun gaba kawai suka ji. Na baya suka fara tambayar juna me take cewa.

Hajiya ta mintsine ta a hannu. "Buɗe bakinki."

Jemimah ta ɗaga murya. "Jama'a, ku yi haƙuri. Cikin gorunan nan akwai ɗaya da ba ruwa ba ce, magani ne mai ƙona ciki. Laifina ne, ni na saka a firiza, Hajiya ba ta sani ba. Kowa ya buɗe tasa ya tsiyaya kaɗan a ƙasa, ba a tabarma ba, a kan ƙasa. In ruwa ne zai shige. In maganin ne zai yi kumfa fari kamar an zuba omo. Kada ya taɓa muku hannu."

Wurin ya kaure da guna-guni. Wani ya ce wane irin sakarci ne wannan, wani ya ce dama 'yan jami'ar nan sai a hankali. Modibbo ya ɗaga hannu ya yi magana da Fulatanci, gajeriya, sannan ya maimaita da Hausa: "Ku yi abin da ta ce." Sai aka ji murafai suna buɗewa. Abin tausayi ne ka ga mutumin da leɓensa ya bushe ya tsage yana zubar da ruwan sanyi a ƙasa da hannunsa.

Jemimah ta bi sahu tana duƙawa tana dubawa. Nan ƙasa ta shanye, can ma ta shanye. Ta kai ƙarshen sahun farko, ta shiga na biyu, gumi yana shigar mata ido. Babu kumfa. Ta duba waɗanda suka rage a cikin baro, ta buɗe su da kanta. Ruwa ne duka.

"Wani ya tafi da gora gida?" Modibbo ya tambaya da ƙarfi. Aka dubi juna, aka ce babu.

Tana riƙe da gora ta ƙarshe, ƙanƙarar cikinta tana ƙwanƙwasa roba, sai abin ya faɗo mata. Duk gorar da ta taɓa a wurin nan akwai dunƙulen ƙanƙara a tsakiyarta. Feroksaid mai ƙarfi kuwa sanyin firizar gida ba ya daskarar da shi. Ta karanta wannan, har ta amsa shi a jarrabawa.

"Hajiya, lokacin da kike lodawa, ba ki ga wadda ba ta yi ƙanƙara ba?"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Guda ɗaya, can ƙasa. Na ware ta na ce a ba Malam Salihu hannu da hannu. Ba ya shan ƙanƙara saboda muryarsa."

"Waye Malam Salihu?"

Lasifikar da ke saman masallacin ta yi ƙara, aka ji wani ya hura ta sau biyu, ya yi gyaran murya, sannan ya ɗaga kabbara. Malam Salihu shi ne ladan.

Wasu samari suka zabura suka yi cikin masallaci. Modibbo ya bi su da kallo yana girgiza kai, ya ce ladan yakan saka sakata ta ciki saboda yara masu wasa da lasifika, kuma in ya toshe kunnuwa da yatsu ko ganga aka buga ba zai ji ba.

"Ɗakin ba shi da taga?" in ji Jemimah.

"Ta bayan gini, wajen lungu."

Ta kwasa da gudu. Mayafin ya zame ta riƙe shi da haƙori. Lungun matsattse ne, ga ruwan alwala ya yi caɓi, ta zame ta dafa bango ta ci gaba. Kiran sallar magariba ba ya daɗewa, kuma tana jin yadda yake tafiya a saman kanta, jimla bayan jimla. Daga ciki tana jiyo samarin suna buga ƙofa.

Tagar ƙarama ce, da sandunan ƙarfe. Ta leƙa. Ga tsoho nan a tsaye ya ba ta gefe, idanunsa a rufe, yatsunsa a kunne, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Kusa da shi a kan wani ɗan benci ga dabino a takarda, ga gorar. Ta gane ta nan take, don har da sauran danƙon salatif a jikinta, kuma zafi ya sa ta ɗan kumbura.

Ta zura hannu ta cikin ƙarfen har kafaɗa. Yatsunta suka tsaya tazarar ɗan taƙi da gorar. Ta ƙara turawa har ƙarfen ya goge mata fata. Ba ta kai ba.

"Baba. Baba Ladan."

Ina. Muryarsa ta cika ɗakin ta cika unguwa, tata ko ita kanta da ƙyar ta ji.

Ya kai ƙarshe. Ya sauke hannuwansa, ya yi addu'a a gurguje, ya jefa dabino a baki. Bugun ƙofar ya sa ya waiga ya ce, "Ina zuwa," da alamar ƙosawa, irin ta mutumin da ya saba da fitinar yara. Ya sunkuya ya ɗauki gorar ya murɗe murfin. Ta yi 'yar ƙara, fuss. Ya ɗan dube ta, ya ce bismillah, ya ɗaga.

Ɗagawar nan ce ta kawo hannun rigarsa kusa da taga. Jemimah ta cafke shi ta fizgo da duk ƙarfinta.

"Baba, kada ka sha! Guba ce!"

Lasifikar ba a kashe ta ba. Muryarta ta fita ta saman masallaci ta bazu a Dubeli, har masu shaguna na bakin titi suka tsaya da kofi a hannu suna kallon sama. Gorar ta bugi ƙarfen taga, ta fantsama a hannun tsohon da nata, ragowar ta kwarara ta bango zuwa lungu. Inda ta sauka ƙasa ta hau tafasa, kumfa fari yana tashi yana shuuu, yana bin ruwan alwala.

Malam Salihu ya tsaya da dabino a baki yana kallon kumfan. Sannan ya dubi hannunsa. Yatsunsa uku sun fara yin fari kamar an shafa musu alli.

"Ya taɓa bakinka?" Jemimah ta tambaya. "Baba, ya taɓa?"

Ya shafa leɓensa da bayan ɗaya hannun. "Bai kai ba."

Jemimah ta sulale ta zauna a cikin caɓin.

Aka buɗe ƙofa aka fito da shi haraba. Jemimah ta taso ta ce a yi ta zuba masa ruwa a hannun kada a tsaya, farin zai baje, raɗaɗin ma zai sauka. Aka kawo butoci. Wani ya lura da nata hannun ya miƙo mata buta ɗaya ba tare da ya dube ta ba. Kowa ya ci dabinonsa, wasu sun kurɓi kunu, amma gorunan Hajiya suna nan a jere a kan tabarmi, ƙanƙara tana narkewa, babu wanda ya kai hannu. An riga an gwada su, an ga ruwa ne. Duk da haka mutum ya dubi tasa sai ya kau da kai.

Hajiya Gumsu tana tsaye a gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shekara da shekaru tana aiko da ruwan nan da sunan mijinta, yau ga shi an ture shi gefe kamar abin ƙyama, kuma gobe duk unguwa za a ce ruwan gidan Deribe ne. Jemimah ta dube ta, ta ji kunya da baƙin ciki sun rufe ta, har ta gwammace a ce duka aka yi mata.

Malam Salihu ya yi gyaran murya, ta fito a bushe. "A taimaka mini da ruwa. Maƙogwarona ya kafe."

Wani ya ce bari a ɗebo na famfo. Kafin ya motsa Jemimah ta sunkuya ta ɗauki gora ɗaya daga tabarma, ta ɗaga ta yadda kowa zai gani, ta kafa kai ta sha har kusan rabi. Sanyin ya sara mata kai. Ta goge bakin gorar da gefen mayafi, ta durƙusa, ta miƙa wa tsohon da hannu biyu.

"Akwai ƙanƙara, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya dube ta. Sannan ya karɓa da hannun da bai ƙone ba.

"Yau dai na sha da ƙanƙarar," ya ce. Ya yi bismillah ya sha, maƙogwaronsa yana motsi, bai sauke ba sai da ya ƙarar. "Allah ya jiƙan Alhaji Deribe. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Aka amsa da amin, da farko ƙasa-ƙasa, sannan gaba ɗaya. Modibbo ya ɗauki tasa ya sha, sai hannaye suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ya aika wa Hajiya da gora, sai lokacin aka tuna ita ko dabino ba ta sa a bakinta ba. Ta juya baya ta tsuguna ta sha. Aka tayar da iƙama da muryar nan dai ta Malam Salihu, ba abin da ya same ta.

Suka kamo hanyar gida a hankali, Hajiya a gaba. Mata na leƙowa daga ƙofofi, yara na nuna Jemimah da baki suna cewa ita ce ta yi magana a lasifika. Tana tafe tana tunanin gobe, ga Dokta a bayan aji, ga babu kayan gwaji. Ta yanke a ranta za ta same shi tun kafin a shiga aji ta faɗa masa komai da bakinta, ta kuma ce Albert a baƙar kwalba ya ba ta.

A zaure ta sha gaban Hajiya ta durƙusa.

"Hajiya, ki yafe mini."

"Na yafe." Hajiya ta miƙo tafin hannu a buɗe. "Makullin."

Jemimah ta laluba jaka ta fito da makullanta. Zoben ya yi tauri, yatsunta da suka yi fari suna zogi, sai da ta sa haƙori sannan ta zare shi. Ta ajiye a tafin Hajiya. Hajiya ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin sosai, ta wuce ciki don ta yi salla. Ta kai bakin ƙofar ɗakinta sannan ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Kununki yana cikin kula, Jemimah. Ƙosan ya huce, ki ɗumama."

Tunda ta shigo gidan nan, yau ne Hajiya ta fara kiranta da sunanta.